Maigadin Lambu

Samaru, Zariya
Farkon damina

Zuwa ga aminiyata Susanna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Japheth da yara. Yaya jikin Baba? Yaya makaranta da fama da 'yan aji? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Cittar da kika aiko ta iso, har maƙwabta sun san an yi mini aike daga Kafanchan.

Na san za ki ce me ya sami Zubaidatu da rubuta wasiƙa alhali ga waya. To dubi rubutun da kyau kafin ki fara dariyar nan taki. Kin ga yadda layin ke tafiya kamar sawun kaza? Ba a cikin keke na rubuta ba, a zaune nake daram a shago. Hannuna ne ke rawa. Na ce bari in riƙa yi miki rubutu ko zai natsu, tunda ke ce za ki ga sawun kazata ki rufa mini asiri.

Albishirinki! An sa ranar Nana Hafsat. Ƙanwar nan tawa da ke bin mu da majina, wadda Inna ta rasu ta bar mini tana rarrafe, ita ce za a kai ɗaki bayan Sallah. Mijin ɗan unguwar Dogarawa ne, sunansa Hamza, malamin makaranta. Su suka ga juna, kuma na yaba da hankalinsa. Ta ce duk duniya ba mai taɓa hannunta ranar ƙunshi sai ni. Tun tana ƙarama take zama gefena ina yi wa amaren mutane lalle, tana cewa nata sai ya fi na kowa. Ni kuma da bakina na yi mata alkawari zan zana mata abin da ba a taɓa gani ba a Zariya.

To ga inda gizo ke saƙa. Kin san tun da likita ya ɗora ni a kan ƙwayar nan mai launin shuni, safe da yamma, ban sake faɗuwa ba. Farfaɗiyar da ta bi ni tun muna firamare ta kwanta. Ban manta ranar da na faɗi a filin makaranta ba, aka cusa mini cokali har haƙorina ya ɓalle, yara suka watse wai yawuna zai shafa musu ciwon, ke kaɗai kika ɗora kaina a cinyarki. Alhamdu lillahi, wannan ya wuce. Amma bara aka ƙara mini yawan maganin, tun daga nan hannu ya fara rawa. Na yi ƙiba, gashina na zuba, duk ban damu ba, ɗankwali ya rufe. Hannun nan kuwa da shi nake ci. Makon jiya wata 'yar jami'a ta zo a yi mata zane, reshe ɗaya ya karkace mini, na rufe shi da fure. Ta biya, ta yi godiya, amma na ga irin kallon da ta yi wa hannun nata a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ke. A da, idan ciwon zai zo, sai in fara jin ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, haɗe da na ɗanyen lalle. Sai hayaniyar Samaru ta ja baya, in ga wata 'yar ƙofa a buɗe. Lambu ne a ciki, Susanna. Kullum hasken la'asar ne a wurin. Akwai ruwa yana gudu, ba a jin ƙararsa. Kowane ganye da zane a jikinsa, rassa na hawa katanga suna naɗe juna a hankali. Ba na ganin kowa, amma ina jin kamar wani da ya san ni bai daɗe da tashi daga wurin ba. Waɗanda ke kusa da ni sun ce abin ba ya kai a ɗaura ɗankwali, ni kuwa sai in ji kamar na wuni. Daga nan sai duhu, in farka da ciwon kai da cizon harshe. Amma nakan dawo da ganye ɗaya ko biyu a kaina. Duk zanen da 'yan mata ke cewa a yi musu irin na Zubaidatu, daga can na tsinko shi.

Tun da na fara shan ƙwayar ƙofar ta rufe. Shi ya sa nake kiranta Maigadi. Ta tsare ni daga faɗuwa, ta kuma hana ni shiga. Tsofaffin zanena nake ta juyawa, kamar mai ɗumama tuwon jiya. Yanzu ga biki ya taso, ba sabon ganye, ba hannu. Wallahi ina kewar wurin nan, kuma ina jin kunyar kewar.

Ki gaida mini Baba da yara. Ki sa ni a addu'a irin taku, ni ma kina cikin tawa.

Taki har kullum,
Zubaidatu


Samaru
Bayan Sallah da kwana kaɗan

Susanna tawa,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, kuma jikin Baba ya yi sauƙi. An yi Sallah lafiya, namanki na nan na soya, zan ba direba tare da wannan takarda. Amsarki ta zo, na kuma ji shawararki ta in koma wurin likita. Na koma, Malama, kada ki sa ni kneel-down irin na ajinku.

Likitan ya saurare ni, ya sa na miƙa hannu ya ga rawar. Ya ce ana iya gyarawa, ko a rage a hankali ko a canza, amma sai an yi gwajin jini, kuma abu ne na watanni. Ya ja mini kunne kada in kuskura in taɓa maganin da kaina. Na ce masa biki saura ƙiris. Ya ce biki zai wuce, kai kuwa ɗaya ne. Shi dai bai taɓa riƙe ledar lalle ba.

A layin karɓar magani na haɗu da wani dattijo, Malam Mordecai, mai koya wa mawaƙan wani coci waƙa a Sabon Gari. Na ga irin ƙwayata a hannunsa, na tambaye shi ko shi ma yana faɗuwa. Ashe ba farfaɗiya gare shi ba. Nasa ciwon na tunani ne, zuciyarsa ta hau sama har ya kasa barci ya kasa yin shiru, sannan ta faɗo har ya kasa tashi daga gado. Ciwo biyu, maigadi ɗaya, ikon Allah. Ya ce a da waƙoƙi na sauko masa kamar ruwan Agusta, yanzu sai ya tona kamar mai haƙar rijiya. Ya ce ya taɓa ajiye maganin don su dawo, suka kuma dawo, har ya rasa takardar rubuta su. Amma da ya dawo hayyacinsa ya tarar 'yarsa tana ɓuya bayan ƙofa idan ta ji takunsa. Ya faɗa mini wannan ne don in ji tsoro. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abu ɗaya kunnena ya riƙe: suka kuma dawo.

To, zauna da kyau. Na daina shan na yamma. Na safe kawai nake sha, shi ma rannan na tsallake. Nana ba ta sani ba, tana ta hidimar kayan ɗaki. Kada ki kira ni, ba zan ɗauka ba, na san abin da za ki ce. Zuwa ranar ƙunshi ne kawai, daga nan in koma wa Maigadi in ba shi haƙuri.

Dubi rubutuna yau. Kin ga bambanci? Layi ya fara miƙewa kamar na 'yar aji shida.

Shekaranjiya na je kantunan PZ sayen lalle da mai. An yi ɗan yayyafi. Ina tsaye gaban mai kanti yana auna mini, sai na ji ƙamshin. Da farko na ce ai lalle ne a gabana, ga ƙasa ta jiƙa, me ya fi wannan? Sai ƙarar kekuna ta fara nisa, bakin mai kantin na motsi ba na jin abin da yake faɗa. Hasken ya canza, ya koma na la'asar, alhali ko azahar ba a kira ba. Susanna, na ga ƙofar. Ba ta buɗe duka ba, ta dai yi 'yar kafa, na hango wani reshe ya leƙo, ganyensa uku suna naɗe da juna kamar jariran da ke barci wuri ɗaya. Sai abin ya wuce. Ban faɗi ba. Mai kantin ya ce Hajiya ko yunwa ce, ya miƙo mini ruwa.

A keke har Samaru ina murmushi ni kaɗai, har wata ta matsa daga kusa da ni. Ina isa na zana reshen a ƙafata. Ga shi nan ina kallonsa yanzu, kyawunsa har ya sa ni hawaye. Leƙe ɗaya ke nan. Ina ga an bar ni na shiga sau ɗaya tak? Hannu biyu da ƙafa biyu na Nana za su cika.

Na san kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ba sai kin rubuto mini ba. Amma yarinyar nan ba ta san fuskar uwa ba, ba ni da gwal da zan ba ta. Abin da ke hannuna shi zan ba ta.

Gaida mutanen gida.

Aminiyarki mai taurin kai,
Zubaidatu


Samaru
Ana saura mako biki

Susanna,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ni jikina da sauƙi. Na ga kiranki ba adadi, na ga saƙonninki. A da ba na ɗauka don taurin kai, yanzu kuma don kunya. Baki ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Na shiga lambun.

Ranar Laraba da hantsi ne. Na zaunar da Nana a shago in gwada mata reshen nan a hannu, in ga yadda zai zauna. Hannunta na dama yana kan cinyata. Na ja layin farko, ya tafi sumul, har ta ce Yaya hannunki ya warke. Sai ƙamshin ya zo, da ƙarfi, kamar an buɗe randa. Na san me ke tafe. Ina da damar da zan ce mata ta matsa, in kwanta a tabarma. Ban ce komai ba. Ina son in shiga.

Ƙofar ta buɗe har bango. Ban taɓa ganinsa a cike haka ba. Rassa sun rufe katanga, sun sauko sun shimfiɗu a kan ruwa. Furanni na buɗewa, a cikin kowanne akwai wani ƙarami yana buɗewa. Na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata. Wancan da na ce miki nakan ji kamar bai daɗe da tashi daga wurin ba, a ranar na ji kamar yana bayana, kusa, har na ji ɗumin mutum. Na ce yau dai zan tsinka in cika zani. Ina ta tsinka, ina ta tsinka, zuciyata fari fat.

Na farka a ƙasa, kaina a kan wani abu mai laushi, bakina cike da ɗanɗanon jini. Na ɗauka harshena ne kamar kullum. Na ga Maman Ebele, mai sayar da abinci kusa da shagona, tana tsaye da cokali a hannu tana kuka. Na ga mutane a bakin ƙofa. Sai na ga Nana, kaina a cinyarta, ta naɗe hannunta da gyale, gyalen ya jiƙe.

Daga baya aka ba ni labari. Da na faɗi, Maman Ebele ta rugo da cokali, don ita a saninta haka ake yi kada mutum ya haɗiye harshe. Baiwar Allah, taimako ta zo yi. Nana kuwa ta girma tana ganin giɓin haƙorina, ta san cokali ne ya yi shi. Ta ture cokalin, mutane suka yi ta ihu a sa wani abu, a sa wani abu. Yarinya ta ruɗe, ta sa yatsunta. Ke kin sani, ni na sani, ba a sa komai a bakin mai farfaɗiya, a kwantar da shi ta gefe kawai a jira. Amma ni ban taɓa zaunar da ita na koya mata ba, don ban so ta riƙa kallona da ciwon. Na ce ai ya wuce.

Yatsu biyu, Susanna. An yi ɗinki, ɗayan ƙashin ya tsage. Hannun dama, hannun da na ce zan yi wa adon da ba a taɓa gani ba. Haƙorana ne suka yi masa zanen.

Kuma kin san abin da ya fi ci mini rai? Ban dawo da komai ba. Duk abin da na tsinka, ko ganye ɗaya bai biyo ni ba. Na san na gani, na san yana da kyau, amma in na rufe ido sai fari kawai. Reshen ƙafata ma ya fara koɗewa.

A asibiti likita ya tambaye ni a gaban Nana ko ina shan magani daidai. Na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya dai rubuta, ya mayar da ni kan ƙwayar. Nana ta ji komai da kunnenta. Har yau ba ta yi mini maganar ba, tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa da hannun hagu. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Hamza ya zo duba mu, ya ce a ɗaga biki in ana so, ta ce ba za a ɗaga ba.

Na ce mata zan kira wata mai lalle daga Sabon Gari, ta kalle ni kawai ta fita. Ban san me ke ranta ba, kuma ina tsoron in sani.

Ki yafe mini rashin ɗaukar waya.

Zubaidatu


Samaru
Bayan biki

Zuwa ga Susanna, 'yar'uwa ta gari,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kada ki damu da rashin zuwanki, jinyar uba ta fi gaban biki. Atamfar da kika aiko ta iso, amarya ta ce in yi miki godiya kafin ta zo da kanta. An ɗaura aure lafiya, an kai ta Dogarawa, ɗaki ya yi mini faɗi. Sawun kaza ya dawo, kamar yadda kike gani, sai ki yi haƙuri da shi.

Bari in ba ki labarin ranar ƙunshi. Da azahar ƙawayenta suka cika gida, kowa da wayarta tana nuna zanen da take so a yi wa amarya. Ni ina ɗaki na kasa fitowa. Sai ga Nana ta shigo da wani abu naɗe a tsumma. Ta je cikin birni wurin Gwaggonmu ta karɓo, ban sani ba. Zungurun Inna ne, doguwar ƙwaryar nan da matan da can suke zura hannu a ciki in sun yi lalle. Har ƙamshinsa na nan. Ta ce dungulmi take so, ja zalla ba zane, irin wanda aka yi wa uwarmu ranar nata auren. Ta ce wannan ba ya bukatar hannu ya tsaya, yana bukatar hannuna ne kawai.

Na kwaɓa lalle da kaina. Na shafa mata a ƙafafu na naɗe, na shafa a hannun hagu na zura shi cikin zunguru. Hannuna na rawa, lallen bai damu ba. Na dama kuwa yana cikin bandeji, ba a taɓa shi ba. Na ji wasu mata na gulma a tsakar gida, wai ƙanwar mai lallen Samaru guda da ƙunshin ƙauye, kuma hannu ɗaya. Har ranar walima ana yi. Ba zan ce miki bai yi mini zafi ba.

To kin san amarya in an ɗaure mata hannu sai a ba ta abinci a baki. Ga hagu a zunguru, ga dama a bandeji. Bayan magariba na kori kowa, na zauna gabanta da tuwo da miyar kuɓewa, kamar yadda nake yi tana 'yar mitsitsiya. Na yanko loma na kai bakinta, miya na ɗiga saboda rawar hannu. Sai ta rufe baki gam. Na ce ko ya yi zafi, na hura. Ta ƙi buɗewa. Na ce haba Nana, yau ma sai an yi miki wasan jirgi? Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga haɓa ta nuna mini saman kwaba, inda ƙwayar take.

Tun safe ba ta ci komai ba, ina jin cikinta na kuka. Na ajiye lomar, na wanke hannu, na ɗauko Maigadi na haɗiye a gabanta. Ta sa ni na buɗe baki ta duba, kamar yadda nake yi mata in ta ɓoye maganin zazzaɓi a ƙarƙashin harshe. Sannan ta buɗe nata. Ta ci tana hawaye, ina ba ta ina hawaye. Da ta ƙoshi ta jingina kanta a kafaɗata, ta ce in tana Dogarawa ba za ta ci tuwon dare ba sai na kira na ce na sha, kuma in na yi mata ƙarya yunwarta na wuyana.

Ɗakin ya cika da ƙamshin lalle, ga yayyafi ya fara a waje. Ƙamshin nan ne sak, Susanna. Na zauna ina jira. Hayaniyar tsakar gida ba ta ja baya ba. Haske bai canza ba. Ba ƙofar da ta buɗe. Ɗakina ne kawai, da kwanon tuwo, da nauyin kan yarinyar nan a kafaɗata.

Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ina kewar lambun, wataƙila har in mutu. An ɗauki jinina, likita ya ce za mu bi a hankali mu ga abin da za a yi wa hannun. Na haɗu da Malam Mordecai a layi, ya dubi fuskata, ya matsa mini na zauna. Maman Ebele kuma na zaunar da ita na koya mata abin da ake yi, har ta ce za ta gaya wa 'yan layinmu. An cire wa Nana ɗinki, tabon zai zauna, ɗan yatsa ɗaya bai gama lanƙwasuwa ba tukuna.

Bari in tsaya nan, an kira magariba. Akwai amarya a Dogarawa da ta ɗora tuwo gaban miji ta ƙi sa hannu, tana jiran wayata.

Ki gaida Japheth da yara, ki shafa mini kan Baba.

Taki,
Zubaidatu